Daga Ajin Yaƙi da Jahilci Zuwa Teburin Akawu

Wannan shi ne jawabin da Editan jaridarku ya yi wa ɗaliban azuzuwan gaba na yaƙi da jahilci, maza da mata, daga ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Mun buga shi saboda waɗanda ba su sami halarta ba.

Ina gai da malamanmu, ina kuma yi wa mutanen Doguwa sannu ta musamman, domin su ne suka ratso dajin Falgore tun da sassafe.

An ce in yi magana a kan aikin ofis. Dalili kuwa, a cikin wasiƙun da kuke aiko mana akwai tambayar da ta fi yawan dawowa. Wani ya ce ya iya karatu da rubutu, yaya zai yi ya zama akawu? Wata ta ce 'yarta ta gama sakandare tana zaune a gida, ina za ta koyi aikin sakatariya? To yau zan ba da amsa gwargwadon sanina. Amma bari in fara da labarin kawuna.

Kawuna ya yi aikin gadi shekara da shekaru. Da lokacin ajiye aiki ya yi, aka ɗauko fayil ɗinsa don a lissafa masa haƙƙinsa. Sai aka tarar a wata takarda an sa sunan mahaifinsa a gaba, nasa a baya. A wata takardar kuma an juya lamba biyu a shekarar haihuwarsa. Aka ce ai waɗannan mutum biyu ne. Tsohon nan ya yi wata da watanni yana zarya tsakanin ƙauye da birni, ni ke raka shi. Sai da ya sayar da akuya biyu saboda kuɗin mota da na rantsuwa a kotu. Wanda ya yi kuskuren bai san kawuna ba, bai kuma nufe shi da sharri ba. Gaggawa ya yi, bai sake duba abin da ya buga ba. Tun daga ranar na daina ɗaukar aikin akawu ƙaramin aiki.

To mene ne aikin? Mu ɗauki wasiƙa guda mu bi ta. A ce mutanen unguwarku sun rubuta wa ƙaramar hukuma suna neman a gyara musu rijiyar burtsatse. Wasiƙar ba za ta tafi hannun Shugaba kai tsaye ba. Akawu mai rajista ne zai karɓa. Zai buga mata hatimi mai nuna ranar da ta iso. Zai shigar da ita a littafin wasiƙun da suka shigo: daga wa take, a kan me take, yaushe ta zo. Sannan ya nemo fayil ɗin da ya dace da maganar ruwa, ya sa ta a ciki, ya ba ta lambar shafi. Daga nan masinja ya ɗauki fayil ya kai wa jami'in da abin ya shafa, a kuma rubuta inda fayil ɗin ya tafi. Idan an yanke shawara, mai bugun rubutu ya buga amsa, a ajiye kofi guda a fayil, a aika muku da ɗayan, wanda ya karɓa ya sa hannu a littafin aike.

Ku duba hannu nawa wasiƙar nan ta bi. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi sakaci, shi ke nan, sai ku ji an ce ba a ga takardarku ba. Rijiya ta shekara a lalace, mata da yara suna ta wahalar ɗiban ruwa, ana zagin Shugaba, alhali takarda tana kwance a ƙarƙashin wani tulin fayil.

Shi kuwa sakatare, aikinsa ya ɗara wannan. Shi ke tsara wa maigidansa ranakun ganawa. Shi ke karɓar baƙi da amsa waya. Idan an yi taro shi ke rubuta abin da aka tattauna da abin da aka zartar da wanda aka ɗora wa aiwatarwa. Yana ganin takardun sirri, na ƙarin girma da na ladabtarwa da na kuɗi. Saboda haka wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ko da ya fi kowa saurin bugu, wannan kujera ba tasa ba ce.

Aikin nan yana da tarihi a ƙasarmu. A zamanin En'e akwai malaman haraji da malaman kasuwa da magatakardan alƙali. Amma a ofisoshin gwamnati akasarin akawuna daga Kudu suke zuwa, domin sun riga mu shiga boko. Don a magance wannan aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Zariya a 1947. Ita ce ta girma ta zama cibiyar koyon aikin mulki ta Kongo, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ita ma hukumarmu ta ilimin manya, da aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, ba don mutum ya iya rubuta sunansa kawai aka kafa ta ba. An kafa ta don wanda boko ya wuce shi yana yaro ya sami hanyar cim ma sauran.

Yanzu ga hanyar. Zan faɗa muku gaskiya, doguwa ce. Ajin farko yana koya muku karatu da rubutu da lissafi da Hausa. Ajin gaba, inda kuke yanzu, yana ƙara muku Turanci, ya kai ku matsayin wanda ya gama firamare. Kada ku raina Turancin nan, domin da shi ake rubuta takardun ofis a Nijeriya. Bayan wannan sai karatun sakandare, ko na rana ko na yamma, har mutum ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO. Akwai kuma wata hukumar jarrabawa da mutanenmu ba su cika sani ba, watau NABTEB, wadda aka kafa a 1992. Ita tana ba da takardar shaida a fannin sana'a da kasuwanci, har da aikin sakatare da ajiye lissafin kuɗi da kula da sito. Tana shirya jarrabawa a watannin Nuwamba da Disamba saboda waɗanda ba sa cikin makaranta. Magidanci mai iyali yana iya zaunawa.

Wanda ya sami kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, sai ya nemi shiga Foliteknik ta Jihar Kano ta hanyar jarrabawar JAMB. A makarantarta ta koyon harkokin gudanarwa da ke cikin birni akwai sashen wannan aiki. Da can ana kiran kwas ɗin karatun sakatare, ana koyon tafireta da gajeren rubutu. Daga 2004 hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, mai hedkwata a Kaduna, ta sake masa tsari da suna, ya koma fasahar ofis da gudanarwa, aka ba kwamfuta babban kaso. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, a tsakiyarta ana tura ɗalibi wani ofis ya yi 'yan watanni yana koyon aiki da hannunsa. Mai son babbar difloma sai ya yi shekara guda yana aiki, sannan ya koma ya ƙara shekara biyu. Iyaye ku lura da abu biyu. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake zauna jarrabawar JAMB. Tun 2021 kuma ba a yi wa yaro rajista sai da lambar ɗan ƙasa, watau NIN. Saboda haka ku tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a takardar haihuwa da ta firamare da ta NIN, kada abin kawuna ya same ku.

Na san a cikinku akwai wanda yake cewa a ransa, Malam, ni na haura arba'in, ina da gona da iyali, yaushe zan yi duk wannan? Gaskiyarka. Akwai gajeriyar hanya. Ka je shagon kwamfuta, irin waɗanda ke kusa da sakatariya ko kotu ko bakin kasuwa, ka nemi a ɗauke ka koyo kamar yadda ake koyon ɗinki. Amma kafin ka biya ko sisi, ka leƙa ka ƙirga. Kwamfuta nawa ce ke aiki, ɗalibai nawa ne? In wuta ta ɗauke akwai janareta ko sola? Na taɓa shiga wani wurin koyo na tarar da yara sun cika ɗaki, kwamfuta biyu, malami yana zana musu hoton madannai a allo. Bayan wata uku aka ba kowa takardar shaida mai ado. Irin wannan takarda ba ta buga wasiƙa. Abin da za ka nema shi ne ka iya bugu da yatsu goma ba tare da kallon madannai ba, ka iya tsara wasiƙa, ka iya jera lissafi a jadawali, ka iya ajiye aiki ka kuma nemo shi gobe, ka iya aika saƙon imel.

A nan akwai inda kuka fi 'yan birni da yawa, ku da kuka fara karatu da Hausa. Kun san haruffa masu ƙugiya. Kun san baki daban, baƙi daban. Kun san kafa ba ƙafa ba ce. Da yawa daga masu bugun rubutu ba su damu da wannan ba, sai su buga sanarwa su bar mai karatu da canka. A kwamfuta da waya duka ana iya sa madannan Hausa. Ku tambayi mai koya muku ya nuna muku, in bai sani ba ku nema tare.

Sai maganar samun aiki, wadda ita ce ta fi damun kowa. Ba zan yi muku alkawarin da ba nawa ba. Ƙananan hukumomi 44 ne a Jihar Kano, kujerun ofisoshinsu ƙidayayyu ne, masu nema kuwa ba iyaka. Kuma ina roƙonku da babbar murya: duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo muku takardar ɗaukar aiki, ku guje shi. Ana sayar da gona a sayi takardar jabu, a je kama aiki a sha kunya, wani ma ya ƙare a hannun 'yan sanda.

Amma ofis ba na gwamnati kaɗai ba ne. Ku dubi ƙasarmu ta kudancin Kano. Masu casar shinkafa a Tudun Wada suna bukatar mai rubuta buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ake bi bashi. Ƙungiyoyin manoman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga suna bukatar magatakarda, domin ba a ba ƙungiya rance ko taki sai ta nuna rajistar 'ya'yanta da littafin taronta. Dillalan masara da rake a Doguwa, da masu lodi a Kwanar Ɗangora, duk da rasit suke aiki. Ga makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu, ga shagunan magani. Sau da yawa irin waɗannan wurare suna ɗauko yaro daga nesa saboda ba su sami na gida ba.

Iyayena mata, da ku nake yanzu. A ɗakin shan magani ana bukatar mai buɗe kati da mai rubuta awon ciki da rigakafin yara. Mace ta fi sakin jiki ta faɗi shekarunta da lalurarta in 'yar'uwarta ce a kan tebur. Ku bar 'ya'yanku mata su koyi wannan aiki. Ku kuma magidanta, aiki ne na zaune, da rana, a cikin garinku.

Ga abin da nake so ku fara daga wannan mako, ba sai kun jira kwamfuta ba. Kowane aji ya sayi littafin rubutu guda biyu. Ɗaya na rajista, ɗaya na taro. Kowane mako a naɗa mutum guda ya zama akawun aji. Shi zai kira suna, ya rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, ya rubuta kuɗin da aka tara na alli ko na kananzir, ya karanta wa aji a ƙarshen mako, aji ya gyara masa. Mako mai zuwa wani ya karɓa, mata su ma a yi haka a nasu azuzuwan. Malamai, ku duba littattafan nan ku sa hannu. Wanda kuka ga rubutunsa ya fita sarai kuma lissafinsa bai taɓa saɓawa ba, ku aiko mana da shafi guda ta hannun mai kula da shiyyarku, za mu buga shi a jarida tare da sunan ajinsu.

Masu tambaya a kan NABTEB da Foliteknik su tsaya bayan an tashi, ina nan har la'asar. Mutanen Doguwa su fara, saboda tafiyarsu ta fi nisa.