Wa Ake Fara Dubawa A Asibiti?

 Mutum yakan yi sammako zuwa asibitin Kamba, sa'an nan ya ga nas ya wuce shi, ya ɗauki wanda aka kawo yanzu daga Dole Kaina. Wannan ba son kai ba ne. Ƙa'idar jinya ita ce a fara da wanda numfashinsa ya sarƙe, sa'an nan mai zubar jini, kana sauran. Nas yakan ƙirga bugun jijiya, watau 60 zuwa 100 a minti ga baligi lafiyayye, numfashi kuwa 12 zuwa 20. Wanda za a yi wa fiɗa, awa 6 yake yi ba abinci. Kada dangi su ba shi fura a ɓoye, domin amai na iya shiga huhunsa ya halaka shi. Lalle a sanar da dagatai.