Idan burodi yana kumbura maka ciki



Akwai mutanen da alkama ba ta karɓe su ba. In sun ci burodi, taliya ko fanke, sai kumburin ciki, zawo da kasala. Yaro kuwa ya ƙi girma.

Cikin alkama akwai wani abu mai danƙo, sunansa gulutan. Shi ke ɓata musu hanji.

Je likita a auna jininka tun kana cin alkama. In ka riga ka daina, awo ba ya nuna gaskiya. In an tabbatar, bar ta har abada.

Hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo da wake ba su da gulutan. Sha hurarka, ci tuwonka. Amma tambayi mai ɗan wake ko ta sa garin alkama.

Allah ya ba mu lafiya.