Me ake sakawa a cikin fiffiken jirgin da aka ƙera a gida?

Yau a kan fiffike za mu tsaya, musamman abin da ke cikinsa wanda ido ba ya gani.

A 1975 wani injiniya Ba'amurke, Burt Rutan, ya kai ƙaramin jirginsa mai suna VariEze taron masu ƙera jirage a Oshkosh. Cikin fiffikensa soso ne mai tauri, an yanka shi daidai siffar fiffike, an lulluɓe shi da ƙyallen zaren gilashi, an shafe da gam ɗin ifoksi. Aikin soson shi ne riƙe siffa, ya hana fatar lotsawa. Fatar da ƙashin bayan fiffiken su ke ɗaukar nauyi.

Yankan ma abin kallo ne. Ana manna allon samfuri a kowane gefe, mutum biyu su ja waya mai zafi, ɗaya yana ƙirga lambobi da ƙarfi don su tafi tare. In ɗaya ya yi gaggawa, fiffike ya murɗe, sai a sake.

To a nan nake so ku natsu, domin ba duk soso ne ɗaya ba. Na folistarin shi ke yankuwa sumul da waya, amma fetur na taɓa shi sai ya narke kamar sukari a shayi. Gam ɗin foliyesta ma narkar da shi yake. Ka ga in tanki ya yi yoyo, daga waje fiffike lafiya lau, ciki kuwa ya zama rami. Shi ya sa wajen tanki ake amfani da soson PVC ko na yuretan. Shi kuma yuretan, don Allah kar wanda ya sa masa waya mai zafi, hayaƙinsa guba ne. Da wuƙa da sanfefa ake sassaƙa shi.

Farin soson nan na kwalin firij fa? Ƙwayoyinsa rabuwa suke. Ka yi jirgin wasa da shi, babu laifi, amma ni ba zan hau wanda aka yi da shi ba.

Sai fenti. Kusan duk irin jiragen nan farare ne, saboda baƙin fenti na jan zafin rana har ifoksin ya yi laushi. Mai niyyar gwadawa a ranar Afrilu ta Sakkwato, ya riƙe wannan da kyau.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, sai mun haɗu a shiri na gaba.