Dodon Tatsuniya da Dodon Kwamfuta



Ƙannenmu a yau sun san dodo mai kai biyu na wasan kwamfuta Warcraft II, wanda ya fito a Amurka a 1995, fiye da Dodon tatsuniyar kakanninmu. Wancan ƙarfi gare shi. A sare shi a wuce. Namu kuwa yana magana, yana neman aure, yana haɗiye mutane da shanunsu, sai mai wayo ya farke cikinsa jama'a su fito.

Mu 'yan Daura abin ya fi yi mana ciwo. Macijin rijiyar Kusugu ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda ya iso da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya fille kansa, ya auri Daurama. Irin labarin da masu tsara wasanni ke nema ido rufe ke nan, ga rijiyar kuma tana nan cikin gari.

Muna roƙon ƙungiya ta tura mu ƙauyukan masarautar a hutun nan, mu naɗo tatsuniyoyin Dodo daga bakin tsofaffi, mu miƙa wa 'yan sashen kwamfuta.