FILIN MAJAMI'ARMU YA ZAMA DANDALIN YARAN UNGUWA

Jawabin da aka gabatar a Ranar Matasa, cikin makon bikin cika shekara 50 da kafa wannan ikilisiya



Ina godiya ga kwamitin shirya biki da ya ba ni wannan zarafi. Da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, na ce rawa, sai wani dattijo ya dube ni ya ce, "Mama, a shekarunki?" Na ce masa shekarun nawa ne suka sa, domin mu da muka san abin muna ƙarewa.

YADDA MUKA KOYA

Ni malamar firamare ce har na yi ritaya, amma makarantata ta fari dandali ce. A zamaninmu, in an gama tuwon dare kuma akwai farin wata, 'yan mata sai mu hallara mu yi gaɗa. Zabiya tana bayarwa, muna amshi, muna tafi, ɗaya ta faɗo baya sauran su tare ta su cilla ta sama. Samari kuwa suna da sarkin samarinsu, suna da takai da sandunansu. Da damina akwai gangar noma a wurin gayya, da kaka kuma a yi kalankuwa. A cikin gida iyayenmu mata suna da shantu da kiɗan ƙwarya.

Ba wanda ya taɓa biyan ko kwabo don ya koyi waɗannan. 'Yar mai unguwa da 'yar mai tallan fura layi ɗaya suke tsayawa. A nan muka koyi jiran layi, da bin na gaba, da haƙuri in an yi mana dariya. Yarinyar da za ta faɗo baya ba ta waiwaye, ta san ƙawayenta ba za su bar ta ta sha ƙasa ba. Na yi shekaru ina koyarwa a aji, ban sami darasin da ke koya amana kamar wannan ba.

INA DANDALIN YA TAFI?

Yau ku zaga Batagarawa da dare, da wuya ku ji tafi. Gari ya faɗaɗa, filaye sun zama shaguna da gidajen haya. Rashin tsaro ya sa iyaye suna kulle ƙofa da wuri, kuma ba mai ganin laifinsu. A cikinmu akwai iyalan da suka baro ƙauyukansu na wajen Batsari da Jibiya da Safana saboda 'yan bindiga, yaransu sun bar abokan wasansu a can, nan kuwa baƙi ne.

Amma yaro bai daina son rawa ba. Ɗan mai hali yana makarantar kuɗi, a can akwai ranar al'adu, a ɗauko masa mai koyarwa, a ɗinka masa kaya. Ɗan talaka kuwa malaminsa wayar hannu ce. Yara biyar su kewaye waya ɗaya a bakin shago, abin da TikTok ya nuna musu shi za su kwaikwaya, ba babba a kusa da zai ce wannan ya dace, wannan bai dace ba. Muna kuka a kan shaye-shaye da harkar kauraye a Katsina. Mu tambayi kanmu: tsakanin tashi daga makaranta da faɗuwar rana, ina muka tanadar wa yaron nan ya je?

ABIN DA WAƊANSU SUKA YI

Kada mu ce abin ya fi ƙarfinmu, domin waɗansu sun yi da abin da bai kai namu ba.

Maƙwabtanmu na Nijar, a zamanin Shugaba Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, sun farfaɗo da tsohuwar ƙungiyar nan ta Samariya a unguwanni da ƙauyuka. Samari da 'yan mata suna aikin gayya, suna kuma shirya waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, a yi gasa tun daga ƙasa har a kai ga bikin matasa na ƙasa baki ɗaya. Ta haka yaron ƙauye daga Maraɗi ko Damagaram ya sami inda zai nuna baiwarsa.

A Kano, rawar Koroso da kowa ya sani yau, mai sarewa da kayan amo a ƙafa, a farkon shekarun 1970 aka tsara ta daga raye-rayen Hausa da na Fulani domin bukukuwan nuna al'adu. Mutane ne suka zauna suka tsara ta, suka koya wa waɗansu, ga shi har yanzu 'yan makaranta suna yin ta. Tsofaffinmu kuma za su tuna bikin FESTAC na 1977, lokacin da baƙaƙen fata na duniya suka taru a Legas, aka yi hawan daba a Kaduna. A lokacin ba wanda ya ɗauki mai rawar gargajiya a matsayin marar aikin yi.

Misali na kusa shi ne na Ajangbadi, wata unguwar talakawa a Legas. A 2017 wani saurayi mai suna Daniel Owoseni Ajala, wanda ya koya wa kansa rawar Turawa da ake kira bale ta kallon bidiyo a intanet, ya buɗe makaranta mai suna Leap of Dance Academy, yana koya wa yara kyauta. A 2020 aka ɗauki bidiyon ɗaya daga cikin ɗalibansa, Anthony Madu, ɗan shekara 11, yana rawa ba takalmi a kan siminti cikin ruwan sama. Bidiyon ya zaga duniya. Daga baya yaron ya sami gurbin karatu a makarantar rawa ta Elmhurst a birnin Bamingam na Ingila, har kamfanin Disney ya fitar da fim a kan rayuwarsa a 2024.

Ban kawo labarin nan don mu sa rai yaranmu za su tafi Ingila ba. Yaran da suka zauna a Ajangbadi ma sun sami wurin zuwa da babban da ya san sunansu. Abin da malaminsu ya fara da shi fili ne kawai da niyya.

AMMA RAWA A HARABAR MAJAMI'A?

Na san akwai masu wannan tambaya a zuci, kuma tambaya ce mai kyau. Iyayenmu na fari sun guji kiɗa da rawa saboda sun fito daga inda ake haɗa su da bori da shan giya. Ba mu raina tsoronsu ba. Littafi Mai Tsarki kansa ya nuna mana fuska biyu. A Fitowa sura 15 Maryamu ta jagoranci mata da kiɗa da rawa bayan an haye teku, a 2 Sama'ila sura 6 Sarki Dawuda ya yi rawa a gaban akwatin alkawari. A Markus sura 6 kuma rawar 'yar Hirudiya ce ta jawo aka fille kan Yohanna Mai Baftisma. Ashe abin dubawa shi ne wa ke koyarwa, a gaban wa ake yi, kuma don me. In mun janye hannunmu, yaran za su koya duk da haka, a wurin wanda ba mu zaɓa ba.

Mu kuma tuna asalinmu. Da yawa daga cikin masu bi na fari a wannan yanki ta Babbar Ruga suka fito, inda mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar masu cutar kuturta a ƙarshen shekarun 1930. Mutane ne da aka ware, 'ya'yansu ma ana gudun wasa da su. Jikokinsu bai kamata su ga yaro a tsaye a bakin ƙofa yana leƙe su ƙyale shi ba.

SHAWARATA GA IKILISIYA

Muna da fili. Muna da ganguna, da tulun kiɗa da caki na Zumuntar Mata, waɗanda ke kulle a sito daga Lahadi zuwa Lahadi. Muna da tsofaffi da suka iya gaɗa da takai. Ga abin da nake roƙo:

1. A buɗe filin nan kowace Asabar daga ƙarfe 4 zuwa ƙarfe 5 da rabi na yamma, domin kowane yaro ya isa gida kafin magariba.

2. Kada a karɓi kuɗi, kada a ce sai da anko ko takalmi. Ranar da muka sa kuɗin rajista, ko naira 100 ne, yaron da muka buɗe dominsa shi zai fara ɓacewa.

3. A karɓi kowane yaro na unguwa da iyayensa suka yarda. Dattawa biyu su je gida su yi sallama su nemi izini. In maƙwabcinmu Musulmi ya ba mu ɗansa don ya koyi takai, takai za mu koya masa, domin amana ce. Wanda ya ce a'a, a gode masa, zumunci ya ci gaba.

4. 'Yan mata a gefensu da mata masu koyarwa, samari a nasu gefen. Kada a taɓa barin babba ɗaya shi kaɗai da yara. Waƙar da ke da zambo ko batsa, a bar ta a inda aka same ta.

5. A tanadi randar ruwa da ɗan abin taɓawa, ko gyaɗa ce ko ƙuli-ƙuli. Yaron da bai ci komai ba tun safe ba zai iya tsalle ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba.

6. A riƙe littafin sunaye. Yaron da aka ga ba ya zuwa makaranta, a bi sawu a ji dalili.

7. Mu nemi taimako. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua duk suna nan kan hanyar Dutsin-ma, ɗalibansu da yawa a nan suke sujada. Mu kuma rubuta wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina mu roƙi a riƙa aiko mana da gwani lokaci-lokaci.

8. Matasa masu waya, ku zauna da kakanninku ku ɗauki muryarsu da takunsu. A ƙawayena da muka yi gaɗa tare, mu uku muka rage, ɗaya kuma ba ta iya tashi tsaye yanzu.

KAMMALAWA

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sun kuma ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba na roƙon a gina sabon ɗaki ko a yi baiko na musamman. Mutum shida nake nema, maza uku, mata uku, da za su ba da yammacin Asabar ɗinsu na shekara guda. In shekara ta zagayo, dattawa su duba, in abin bai yi amfani ba a rufe.

Ni na rubuta sunana na fari. Ƙafafuna ba sa tsalle kuma, amma har yanzu ina iya bayar da waƙa, ina iya tafi. Takardar tana wurin magatakardan ikilisiya a bakin ƙofa, duk wanda Allah ya taɓa zuciyarsa ya sa sunansa kafin a zauna cin abinci.

Allah ya ja zamanin wannan ikilisiya, ya tsare mana 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.