Motar da ke Gyangyaɗi: Sabuwar Na'ura da Tsohon Gyara



Na san wasu za su yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga zancen injin mota. Amsar ita ce kalma ce ta kai ni. A Hausa, idan injin mota ya yi shiru, ɗayan biyu ne: ko dai direba "ya kashe" ta, ko kuwa ita "ta mutu". Na farko nufi ne, na biyu lalura ce. To, yanzu ga motoci sun shigo mana waɗanda ke yin shiru da kansu idan an tsaya, su kuma tashi da kansu da zarar an saki birki. Direba bai kashe ba, mota ba ta mutu ba. Da yake ba mu da sunan wannan hali, sai muka ɗauke shi cuta, muka shiga nema masa magani. Ni a nan zan kira shi gyangyaɗi, watau barcin zaune wanda motsi kaɗan ke farkarwa.

Wannan dabara ba ta jiya ba ce. Kamfanin Toyota ya gwada ta a motar Crown a 1974, bayan tsadar mai ta 1973. Fiat ma ya sa ta a motar Regata a 1983. Amma ba ta yaɗu ba sai a wannan ƙarni, lokacin da ƙasashen Turai suka tsananta doka a kan hayaƙin motoci. Hikimarta a fili take: injin da ke silo yana shan mai alhali ba ya tafiya ko'ina, kuma tsayuwar da ta wuce kamar daƙiƙa 10 takan ci man da ya fi na sake tayarwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, babu ma'aikacin da zai ce wannan bai shafe shi ba.

Sai dai mota ba ta gyangyaɗi da ka. Akwai kwamfuta a cikinta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, ita ce ke yanke hukunci. Kafin ta kashe inji, sai ta tabbatar batir yana da isasshen caji, inji ya yi zafi yadda ya kamata, bonet da ƙofar direba a rufe suke, na'urar sanyaya ciki kuma ba ta cikin matsananciyar buƙata. Duk wannan labari kuwa wasu ƙananan na'urori ne ke kai mata. A nan ne tsohon gyara ke karo da sabuwar na'ura. Makanikanmu sun gaji sana'arsu ne daga zamanin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, motar da za ka cire mata wannan ka ƙara mata wancan ba ta ce uffan ba. Motar yau tana lura da duk abin da aka taɓa.

Bari in kawo misalai huɗu. Na farko, batir. Motar da ke tashi sau da yawa a tafiya guda tana buƙatar batir na musamman, irin wanda ake rubuta wa AGM ko EFB, mai jure yawan zuƙa da yawan caji. Idan aka sa mata batir na gama-gari saboda araha, ba ya daɗewa yake gajiya. Haka kuma a motoci da yawa dole ne a shaida wa kwamfuta cewa an sa sabon batir, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa caji irin na tsohon.

Na biyu, ƙarin kayan wuta. Akwai wata 'yar na'ura a jikin ƙafar batir ta nagetif da ke ƙidaya wutar da ta shiga da wadda ta fita. Idan mai wayarin ya ɗaura wayar manyan fitilu, ko lasifika, ko ƙarin oda kai tsaye a ƙafar batir, ya tsallake mai ƙidaya ke nan. Kwamfuta za ta zaci rumbu a cike yake, alhali akwai ɓarauniyar ƙofa ta baya.

Na uku, tamostat. An daɗe ana cire shi a ƙasarmu, wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Aikinsa shi ne tsare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya kai zafin da ya dace, wajen digiri 80 zuwa 90. Idan aka cire shi, inji kan daɗe bai yi zafi ba, musamman da safiyar hunturu, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai, ta kuma ƙi barinsa ya yi gyangyaɗi. Asara biyu ke nan.

Na huɗu, mayar da mota mai amfani da iskar gas, abin da Gwamnatin Tarayya ta shiga ƙarfafawa tun 2023. Yawancin kayan da ake ɗaurawa sukan tayar da inji da fetur, sa'an nan su koma kan gas. Motar da ke sake tashi a kowace tsayuwa, in ba a daidaita kayan da halinta ba, za ta riƙa komawa fetur fiye da yadda mai ita ke tsammani.

Ba a littafi kawai na ga wannan ba. Na taɓa zuwa gaisuwar mutuwa a Zakka, cikin Ƙaramar Hukumar Safana, da wata mota 'yar Kwatano wadda na sa aka canja wa batir mai araha, aka kuma ƙara mata fitilu biyu. A kan hanyar dawowa, bayan La'asar, na tsaya don garken shanu ya tsallake. Mota ta yi gyangyaɗinta, na saki birki, shiru. Duk wanda ya san halin da ƙasashen Safana da Batsari suka shiga saboda 'yan bindigar dajin Rugu, ya san abin da ke zuwa zuciyar mutum idan rana na faɗuwa mota kuma ta ƙi tashi. Motar ga ta mai giyar atomatik, turi ba ya tayar da ita. Allah ya kawo wani direba ya taimake ni da waya daga batirinsa. Ban zargi makanikin ba. Abin da na nema shi ya yi mini, kuma ni da shi duhunmu ɗaya.

Saboda haka ga shawarata. Amfanin wannan na'ura a cunkoson birni yake, kamar Kano ko Katsina. A hanyar ƙauye, inda tsayuwa kaɗan ce kuma gareji na nesa, direba ya danna maɓallin da ke da harafin A a zagaye da kibiya, ya hana ta aiki. A yawancin motoci sai an sake dannawa duk lokacin da aka tayar da inji. Wannan ya fi a zare 'yar na'urar batir, domin zare ta yana rikita tsarin caji. Wanda zai sayi batir, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a wani wuri, ya duba irin wanda ya ciro. Jami'an da ke kula da motocin gwamnati kuwa, su rubuta irin batirin da ake buƙata a takardar saye, kada araha ta zama ita kaɗai ce ma'auni.

Mu kuma masu nazarin harshe, namu aikin yana jiranmu. Makanikai da direbobi sun riga sun ba mu silo, da totur, da kuloci, ba tare da sun jira jami'a ba. Ya kamata ɗalibanmu su shiga gareji da alƙalami, su tattara waɗannan kalmomi, mu haɗu da injiniyoyi mu rubuta ƙaramin littafin jagora da Hausa, wanda yaron gareji a Safana zai karanta ya gane bambancin motar da ta mutu da wadda ke gyangyaɗi.