Aikin Malamin Zaɓe: Amanar Yini Ɗaya, Ko Sana'a?

Jama'a, matasa da yawa a Keffi na ɗaukar aikin malamin zaɓe a matsayin sana'a. Ya kamata a fahimci yadda abin yake.

Tun zamanin FEDECO, wadda ta gudanar da zaɓen 1979 da na 1983, har zuwa Hukumar INEC da aka kafa a 1998, malaman rumfa ma'aikatan wucin gadi ne. A zaɓen 2023 ƙasar nan tana da rumfuna 176,846, kuma akasarin shugabanninsu masu yi wa ƙasa hidima ne. Ana horar da su, su yi aiki, a biya su alawus, a sallame su. Mai son aiki na dindindin sai ya nemi shiga Hukumar kanta, wadda ke da babban ofishi a Lafiya da ofishi a kowace ƙaramar hukuma cikin 13 na Jihar Nasarawa.

Duk da haka aikin ba ƙarami ba ne. Malamin rumfa ne ke tantance mai zaɓe da na'urar BVAS, ya ƙirga ƙuri'u a gaban wakilan jam'iyyu, ya rubuta sakamako a fom EC8A. Idan an je kotu, wannan takarda ita ce shaida. Shari'ar zaɓen gwamnan Nasarawa na 2023 ba ta ƙare ba sai a Kotun Ƙoli cikin Janairu 2024.

Saboda haka wajibi ne malamin zaɓe ya rubuta lambobi daidai, ya ƙi cin hanci, ya bar son kai a gida. Tun ran gini, tun ran zane.